Wasiƙa daga Suffolk: Labarin Lavenham

Sudbury, Ingila
25 ga Nuwamba

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

 Ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya Hajiya da ƙafa? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Ya makaranta, ya fama da ɗalibai? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Sanyi dai ya kankama, ga rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, har azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa.

Saƙonka ya iso, kuma na ji ƙorafinka. Ka ce ɗalibanka in aka ambaci Ingila ba abin da suka sani sai Landan da ƙungiyoyin ƙwallo, ka roƙe ni in ba ka labarin ƙauye guda, yadda ya faro da yadda mutanensa ke zaune yau, don ka samu abin kai musu aji. To, ka zo inda ake yi. Aikina, kamar yadda ka sani, bin tsofaffi ne gida-gida, in duba lafiyarsu, in ba su magani, in kama musu abin da ƙarfinsu bai kai ba. Wannan ya sa na san ƙauyukan kudancin Suffolk ciki da bai, kuma wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Lavenham, tafiyar kamar mil bakwai daga nan, a kan hanyar Bury St Edmunds.

Tun kana nesa, a tsakiyar gonakin alkama da sha'ir, za ka hango hasumiyar cocin garin ta yi sama, ƙafa 141. Sai ka ɗauka babban birni za ka shiga. Kana isa sai ka tarar da ƙauyen da mutanensa ba su kai 2,000 ba, tituna 'yan kaɗan, duk sun hau tudu sun haɗu a filin kasuwa. To ina ƙaramin wuri irin wannan ya samu gini haka? Amsar ita ce labarin garin gaba ɗaya.

Gari ne daɗaɗɗe. Sunansa yana cikin Domesday, kundin ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka rubuta a 1086, kuma a lokacin yana hannun gidan sarautar de Vere, waɗanda daga baya suka zama masu sarautar Oxford. Amma ranar da ƙafarsa ta tsaya ita ce a 1257, lokacin da Sarki Henry na Uku ya ba shi takardar izinin cin kasuwa. A Ingila ta wancan zamani kasuwa ba ta ci sai da yardar sarki. Wanda ya samu izinin shi ke karɓar kuɗin rumfa da na awo, shi ke hukunta mai tauye mudu, kuma garinsa ne manoman kewaye za su riƙa nufa kowane mako da ƙwai da man shanu da hatsi. Inda kasuwa ta zauna kuwa, maƙeri da baduku da mahauci ba sa jimawa ba su zo sun kafa gida ba.

Abin da ya ɗaga Lavenham sama da tsararrakinsa shi ne saƙa. Daga ƙarni na 14 zuwa farkon na 16 garin ya yi suna da wani ƙyallen ulu mai kauri, shuɗi, wanda fatake ke kaiwa ƙasashe masu nisa, har Rasha. Attajiri ne ke riƙe da harkar daga tushe. Shi zai sayo ulu, ya sa a wanke a rina, ya rarraba wa mata a gidajensu su yi kaɗi, ya karɓi zaren ya ba masaƙa, daga nan ƙyallen ya je wurin masu bugu su dake shi cikin ruwa har ya haɗe ya yi kauri, a shanya shi a ɗaure jikin katako don kada ya tsuke, sannan masu almakashi su aske masa gashi ya yi sumul. Kowa ladan aikinsa yake karɓa, riba kuwa ta mai jari ce. Tun ulun yana sako-sako suke rina shi, kafin kaɗi, shi ya sa launin ke shiga har cikin zare, ba ya kodewa.

Rinin nan ne ya tsayar da ni, Malam. A lambun da ke bayan babban zauren garin har yau suna shuka ganyen da aka yi amfani da shi, woad suke ce masa, kuma a da yawancinsa daga kudancin Faransa ake sayo shi, wajen Toulouse. Ana kirɓa ganyen, a cura, a shanya, a jiƙa ya ruɓa ya yi wari, sannan a tsoma ulu. In aka tsamo shi kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. Da wata dattijuwa mai aikin sa kai a wurin take yi mini wannan bayani, sai na ce mata ai na san aikin nan tun ina yaro, haka marina ke yi da baba a karofin Ƙofar Mata. Ashe sinadarin da ke ba da launin iri ɗaya ne a ganyen biyu, sai dai na baba ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta yi ta yi mini tambayoyi a kan toka da katsi da zurfin ramukan, har mutanen da ke bayana suka taru suna saurare. Ka gaya wa ɗalibanka wannan, su san cewa sana'ar da suke wucewa ta gabanta kullum ita ce ta taɓa gina gari sukutum a Turai.

Arzikin da aka tara ba ƙarami ba ne. A lissafin harajin 1524, Lavenham shi ne na 14 a dukiya a duk faɗin Ingila, ya biya fiye da abin da manyan birane irin su York da Lincoln suka biya. Babban attajirin garin, Thomas Spring, wanda ya rasu a 1523, yana cikin waɗanda suka fi kowa kuɗi a ƙasar in aka cire 'yan sarauta. Shi da danginsa, tare da John de Vere, mai sarautar Oxford na 13, wanda ya jagoranci sahun gaba na rundunar Henry Tudor a yaƙin Bosworth a 1485, su ne suka zuba dukiya aka sake gina cocin nan. An shafe kusan shekara arba'in ana aikin, aka kammala wajen 1525. In ka zagaya ginin za ka ga tauraron gidan de Vere da tambarin gidan Spring an sassaƙa su a dutse wuri-wuri. Ɗan sarauta da ɗan kasuwa kowa ya so a san da hannunsa a ciki.

A filin kasuwa akwai ginshiƙin dutse a kan matakala, wanda aka kafa da wasiyyar wani mai sayar da ƙyalle, William Jacob, a 1501. A gefensa kuma ga babban zauren da suke kira Guildhall, wanda wata ƙungiyar 'yan garin mai suna Corpus Christi ta gina wajen 1529. Ƙungiyoyin nan na addini ne da zumunci. Mutum zai riƙa zuba kuɗi, in ya yi rashin lafiya ko ya karye a kama masa, in ya mutu a yi masa jana'iza a riƙa yi masa addu'a, sau ɗaya a shekara kuma a yi gagarumar walima. Irinsu sun kai huɗu a garin, kuma wannan ta manyan attajirai ce, shi ya sa ta samu wuri mafi kyau a bakin kasuwa.

Sai dai ƙarƙashin wannan daula akwai masu kwana da yunwa. A 1525 Sarki Henry na Takwas da babban wazirinsa Wolsey suka ɗora wani sabon haraji mai nauyi don yaƙi da Faransa. Attajirai suka ce in sun biya ba za su iya riƙe ma'aikata ba, suka fara sallama. Masaƙa da masu kaɗi da leburorin gona daga garuruwan kewaye, kimanin mutum 4,000, suka yi dafifi a Lavenham suka ce ba za su biya ba. Ana cewa an zare harsunan ƙararrawar coci a ɓoye don kada a buga ta a kira ƙarin jama'a. Marubutan tarihin zamanin sun kawo cewa da sarkin yaƙin da aka turo ya tambayi wane ne jagoransu, wani daga cikinsu ya amsa masa cewa talauci ne ke jagorantar su. Ƙarshenta sarki ya janye harajin ya yi musu afuwa. Ka ga darasi a nan: sarkin da ya fille kan matansa biyu, talakawan ƙauye suka sa ya ja da baya.

Daga nan rana ta fara yi wa garin yamma. Yaƙe-yaƙen Turai suka toshe hanyoyin fatauci, haraji ya yi yawa, magadan attajirai suka kwashe dukiya suka sayi filaye suka koma zaman sarauta a karkara. A 1547 gwamnati ta rushe ƙungiyoyin addinin nan ta ƙwace kadarorinsu. Babban bugu kuma ya zo daga Colchester, inda 'yan gudun hijira daga Holan da Flanders suka zauna suna saƙa wani yadi mara nauyi, mai araha, wanda ya shiga ran masu saye. Lavenham ya tsaya a kan ƙyallensa mai kauri, kasuwa ta wuce ta bar shi. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya garin da ya fi York biyan haraji ya koma yi wa wasu garuruwa kaɗi a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Kasuwar mako ma a hankali ta mutu.

Zauren attajiran nan shi ya fi kowane gini ba da labarin abin da ya biyo baya. Ya zama kurkuku, ya zama gidan da ake tara gajiyayyu ana sa su aiki don su ci abinci, ya zama ma'ajiyar ulu. Manyan gidajen 'yan kasuwa aka yayyanka su ɗaki-ɗaki, iyali da yawa suka cushe a gidan da a da na mutum ɗaya ne. A ƙarni na 19 an ɗan farfaɗo da saƙar izgar doki, wadda ake yin rigar kujeru da ita, da saƙar tabarmar ɓawon kwakwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1865, an kuma kafa masana'antar sukari ta gwoza a 1868, amma ba ta yi nisan kwana ba.

To ga abin da nake so ka riƙe, aminina. Wani hani ga Allah baiwa ne. A garuruwan da kuɗi ya ci gaba da shiga, kowane zamani ya zo sai a rushe tsohon gida a gina na yayi da jan bulo. Mutanen Lavenham ba su da halin rushewa, sai dai faci. Haka suka yi ta lallaɓa gidajen kakanninsu shekara ɗari bayan ɗari, don ba su da wani zaɓi. Yau gine-gine fiye da 300 a garin suna cikin rajistar kayan tarihi da doka ta kare, kuma ana lissafa shi cikin garuruwan tsakiyar zamani da suka fi tsira da kamanninsu a Ingila.

Bari in kwatanta maka gidajen, don hoto ba ya isa. Ƙashin ginin na itacen oak ne, gungume a tsaye, gungume a kwance, an sarƙe su da turakun katako ba ƙusa. Tsakanin itace da itace an saƙa tsumagu an yaɓe da laka da ciyawa, an shafe da farar ƙasa, wani a bar shi fari, wani a yi masa ruwan hoda ko ruwan ƙwai. Benen sama yakan turo kai ya ɗan rufa titi. Mai kuɗi yakan jera itacen kusa-kusa fiye da yadda ginin ke buƙata, don mai wucewa ya san gidan wane ne. Da yake ɗanye suke aiki da itacen, ga shi ba wani tushe mai zurfi, da ya bushe sai ya murɗe yadda ya ga dama. Shi ya sa za ka ga gida ya karkata hagu, maƙwabcinsa ya karkata dama, taga ta zame, ƙofa ta kwanta, amma shekara 500 ke nan suna tsaye.

Masu yawon buɗe ido daga waje suke kallo, ni kuwa aiki yana shigar da ni ciki. Akwai wata tsohuwa da nake dubawa, ta haura tamanin da biyar, a irin gidan nan take. Daɓen ɗakin kwananta ya gangara har sai da aka sa wa ƙafafun gadonta biyu guntayen katako don ya daidaita. Azarar ƙofar kicin a goshina take, dole in sunkuya. Matakalar benen ƙunci gare ta, keken da take dogarawa ba ya hawa, don haka aka sauko mata da komai ƙasa. Sanyi yana shigowa ta gefen taga, kuma ba ta da ikon sauya tagar sai da izinin hukuma, gyara kaɗan kuma sai an nemo gwanin aikin gargajiya mai tsada. Na taɓa tambayarta ko ba za ta fi jin daɗin sabon gida mai ɗumi ba. Ta ce a wannan titin aka haife ta, a nan ta ga sojojin Amurka suna raba wa yara alewa, a nan ta ji kukan jirgin fasinja na ƙarshe, ba inda za ta je.

Zancen sojojin Amurka gaskiya ne. A yaƙin duniya na biyu an gina filin jirgin yaƙi a bayan gari, inda rundunar jiragen sama masu jefa bama-bamai ta 487 ta zauna daga 1944 zuwa 1945. Samari dubbai suka sauka a ƙauyen da bai saba ganin baƙo ba. A otal ɗin Swan akwai ɗakin da suke taruwa, kuma har yau bangonsa cike yake da sa hannunsu, wasu da fensir, wasu da tawada, an rufe da gilashi. Na tsaya na karanta sunayen, kowanne da garin da ya fito. Da yawansu ba su koma gida ba. Cikin waɗanda suka mutu har da Janar Frederick Castle, wanda ya tashi daga wannan fili aka harbo jirginsa ranar 24 ga Disamba, 1944. Jikokin sojojin nan har yanzu suna zuwa daga Amurka neman sunan kakansu a bangon. Jirgin ƙasan kuwa ya daina ɗaukar fasinja a 1961, tsohon layin ya zama hanyar da mutane ke takawa da karnukansu da yamma.

Amma kada ka ɗauka talauci kaɗai ya tsare garin. Talauci ya hana rushewa, mutane ne suka hana sayarwa. A farkon ƙarni na 20 masu kuɗi sun shiga sayen tsofaffin gidajen nan, a kwance su gungume-gungume a kai wani wuri a sake haɗawa. A 1911 aka fara kwance wani tsohon zaure da ake kira Wool Hall don a kai wa Gimbiya Louise, 'yar Sarauniya Victoria. Mutanen gari da masu kishin tsofaffin gine-gine suka tashi tsaye suka kai kuka, gimbiyar ta ji, aka dawo da katakon aka mayar da shi inda yake. Bayan haka wani tela ɗan garin, Francis Lingard Ranson, ya ƙarar da rayuwarsa yana ɗaukar hotunan gidajen yana faɗakar da jama'a darajarsu. A 1951 aka damƙa Guildhall ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a ƙasar. A 1967 har turakun waya aka cire daga tituna aka binne wayoyin a ƙasa.

Akwai wani gida a bakin kasuwa, Little Hall, wanda asalinsa tun ƙarshen ƙarni na 14 ne. Wasu tagwaye tsofaffin sojoji, 'yan gidan Gayer-Anderson, suka saye shi suka gyara suka cika shi da kayan tarihi. Ɗayansu, Robert, ya daɗe a Masar, kuma gidan da ya zauna a Alƙahira, jikin masallacin Ibn Tulun, yanzu gidan tarihi ne mai ɗauke da sunansa. Na san ka ziyarci masallacin lokacin da ka je kwas, wataƙila ma ka shiga gidan. A lokacin yaƙi an saukar da yaran da aka kwaso daga gabashin Landan a Little Hall don tsira daga bama-bamai. Sannan a titin Shilling ne Jane Taylor ta yi ƙuruciyarta, wadda ta rubuta waƙar ɗan tauraron nan da yaranmu ke rerawa a makarantun nasare, aka buga ta a 1806. Matasa kuwa abin da ke kawo su shi ne ƙofar gidan De Vere, wadda ta fito a fim ɗin Harry Potter.

Yanzu bari in zo kan zaman yau, wanda shi ne ya fi damuna. Kasuwa ta dawo da wata siffa. Kowace Lahadi ta huɗu a wata manoma da masu sana'ar hannu suna baje koli a zauren taron gari. Jiya ma na leƙa. Tebur-tebur ne a jere: mai zuma da kwalabensa, mai burodi, mai cuku, mai tuffa iri-iri da ruwanta, mai kabewa da dankali da ƙasa a jikinsu. Ba a taya kaya, kuɗin yana rubuce. Na sayi zuma da burodi, teburin mai naman alade kuwa na wuce shi. Abin da na lura shi ne ciniki rabin abin da ya kawo su ne. Tsoho zai sayi ƙwai shida ya shafe rabin awa a tsaye, ana tambayarsa gwiwa, ana ba shi labarin wanda aka kwantar a asibiti da wadda ta samu jika. Wanda ba a gani ba kuma sai an tambaya.

A ginin nan ne ɗakin karatun gari yake. Akwai makarantar firamare, da ɗakin likita, da mahauci, da gidan burodi, da 'yan kantuna. Majalisar gari zaɓaɓɓiya ce, kuma 'yan majalisar ba albashi suke ɗauka ba. Su ke duba maƙabarta da fitilun titi da filin wasan yara, su ke ba da ra'ayi in wani zai yi sabon gini. Masu zuwa coci ranar Lahadi sun ragu ƙwarai, amma ginin bai rasa masu shara da masu tara kuɗin gyaran rufi ba. Ƙararrawa takwas ne a hasumiyar, kowace da igiyarta da mai janta, kuma sai sun yi ta koyo kafin hannu ya daidaita. Babbar cikinsu wani maƙeri na Colchester, Miles Graye, ya zuba ta a 1625, ta fi tan guda nauyi. Makonni biyu da suka wuce aka yi ranar tunawa da mazan jiya, kowa da jan fure a ƙirji, ƙarfe goma sha ɗaya gari ya yi tsit na minti biyu.

Kusan duk wannan aikin sa kai ne, kuma yawancin masu yinsa sun yi ritaya. Su ne ke tsaron gidan tarihi, su ne ke ɗaukar maƙwabcin da ba ya iya tuƙi su kai shi asibiti a motarsu, su ne ke haɗa shayin safe don waɗanda ke zaune su kaɗai su fito su ga mutane. Kuma kaɗaici a nan ciwo ne na gaske, Malam. Akwai gidan da in na shiga da safe, ni ne mutum na farko kuma na ƙarshe da mai gidan zai yi magana da shi a ranar. 'Ya'ya suna Landan ko wata ƙasa, maƙwabci kuma ba ya faɗo maka gida sai da alƙawari. Suna sane da wannan rauni nasu, shi ya sa suka mayar da zumunci abin tsarawa, da rana da lokaci da wanda nauyin ke kansa. Da farko abin ya yi mini baƙo, amma da na ga yadda tsoho ke gyara kwalar riga tun dare don gobe ranar shayi ce, sai na ga girman abin.

Babbar barazanar yanzu daga arziki take zuwa. Kyan garin ya jawo masu kuɗi daga birni suna sayen gidaje, wasu don ritaya, wasu don hutun ƙarshen mako, wasu don ba baƙi haya kwana biyu-uku. Farashi ya yi tashin da yaron da aka haifa a garin, yana aiki a gona ko a otal, ba zai iya saye ba, haya ma ta fi ƙarfinsa. Sai ya koma Sudbury ko wani wuri, ya riƙa zuwa aiki da safe yana komawa da yamma. In ka bi wasu tituna da daddare a wannan lokaci na sanyi, za ka ƙirga tagogi da yawa ba fitila. In aka ci gaba a haka, wa zai kai ɗa makarantar firamaren, wa zai ja igiyar ƙararrawa nan da shekara ashirin, wa zai tuƙa tsohuwa zuwa asibiti?

Abin da ya ƙara mini ƙaunar mutanen shi ne ba su tsaya ga ƙorafi ba. Sun kafa wata ƙungiyar amana ta 'yan gari wadda ke mallakar fili da sunan al'umma. Suka samu wani tsohon filin ajiyar kayan gyaran hanya a gefen gari, suka haɗa kai da masu gina gidaje masu rangwame, aka gina gida 18 a wurin da ake kira Peek Close, aka fara shiga wajen 2019. Sharaɗin shi ne a fifita wanda ke da tushe a garin, ko haihuwa ko aiki ko dangi, kuma filin yana nan a hannun amanar don kada gobe a sayar wa mai tsada. Gida 18 ba zai warware matsalar ba, amma iyali 18 ne da za su tafi suka zauna, kuma yaransu suna cikin waɗanda nake gani da safe a hanyar makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su ma sun san haka.

In za ka kai wa ɗalibanka labarin nan, ina roƙonka kada ka tsaya a kan karkatattun gidaje da sarakuna. Ka nuna musu cewa kasuwa ce ta haifi garin, sana'a ɗaya ta ɗaga shi, dogaro da ita kaɗai ya kayar da shi, kuma duk lokacin da ya kusa salwanta mutanen cikinsa ne suka tashi, daga masaƙan 1525 zuwa telan da ya ɗauki kyamara, zuwa waɗanda suka gina gidajen nan 18. Ka tambaye su wane gini ne a unguwarsu suke ganin ya kamata jikokinsu su tarar, kuma wa suke jira ya tsare musu shi. Ina so in ji amsoshinsu, don Allah ka rubuto mini su yadda suka faɗa.

Zan turo maka hotuna ta WhatsApp, har da na ganyen rinin. Ina kuma da roƙo: in ka samu sarari ka biya Ƙofar Mata ka ɗauko mini hoton ramukan da na cure-curen baba, ka saya mini ɗan ƙyalle rinanne ka ba wa duk mai tahowa. Na yi wa dattijuwar nan ta lambun rini alƙawarin zan kawo mata ta gani da idonta, kuma kullum muka haɗu sai ta tuna mini.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata ina nan ina yi mata addu'a. Ka gaida uwargida da yara, da Malam Babba, da duk 'yan majalisarmu ta ƙofar gida. Maman Ummi tana gaishe ku, ta ce a gaya wa uwargida saƙon daddawa da kuka ya iso lafiya, an gode, Allah ya bar zumunci. In Allah ya kai mu muna sa ran zuwa gida bayan ƙaramar salla. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam.

Naka har kullum,
Aminu